Tsohuwar Wayar Ƙararrawa Kunne Ce, Kada a Tilasta Mata Aikin Ido

A cikin gidaje da yawa da aka gina ko aka sabunta a shekaru talatin ɗin da suka gabata, akwai wata siririyar waya da ke kwance a cikin bango ba tare da ana tunawa da ita ba. Ta taso ne daga saman ƙofofi da gefen tagogi da kusurwoyin ɗakuna, ta bi ta cikin rufi, ta tattaru a wani akwatin ƙarfe da aka maƙala a sito ko a ƙarƙashin matakalar bene. Wayar ƙararrawar ɓarayi ce, kuma a gidaje da dama ƙararrawar ta daɗe da yin shiru. Wani wurin batirin ne ya mutu ba a sauya ba, wani wurin kamfanin da ya kafa ta ne ya naɗe tabarmarsa, wani wurin kuma layin tarhon da take bi ta kai rahoto ne ya katse.

Wannan dalili na ƙarshe ya fi sauran girma. A Amurka manyan kamfanonin sadarwa sun rufe layin 3G a shekarar 2022, AT&T a watan Fabrairu, Verizon kuma a ƙarshen Disamba, abin da ya bar ɗimbin ƙararrawar gidaje ba su da hanyar kiran waje sai an sauya musu kayan aiki. A Birtaniya an tsayar da 31 ga Janairun 2027 a matsayin ranar rufe tsohon layin tarhon ƙasa. A Najeriya kuwa ba a ma tsaya sa rana ba. Tun bayan zuwan wayar salula a 2001 layukan NITEL suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, duk ƙararrawar da aka jingina da su a Abuja ko Kaduna ko Kano ta rasa bakin magana.

Yanzu hankali ya koma kan kyamara. Mai gida yana son ya ga ƙofarsa daga ofis, yana son hoton da zai iya nuna wa 'yan sanda, kuma idan ya san kan kwamfuta yana son hotunan su zauna a na'urarsa ta gida maimakon rumbun wani kamfani na ƙetare da ke karɓar kuɗi duk wata. Da mai haɗa kyamara ya kawo lissafinsa, sai a tarar wani babban kaso na kuɗin zai tafi ne wajen jan kebul da fasa bango da sake shafe da fenti. A nan ne ido ke komawa kan tsohuwar wayar. Ga ta nan a shimfiɗe, an riga an biya kuɗinta, me zai hana a ɗora mata kyamarorin?

Tambayar tana da ma'ana, kuma masu cewa a tumɓuke wayar a zubar sun yi kuskure. Masu son ɗora mata hoton bidiyo su ma sun yi kuskure, kuma nasu ya fi tsada. Abin da ya dace shi ne a bar wayar ga aikin da aka yi ta dominsa, wato sanar da cewa an buɗe ƙofa ko an gitta a ɗaki, a kai wannan labari ga kwamfutar, sannan a ja wa kyamarori nasu kebul. Dalilan suna cikin yadda aka ƙera wayar, da lissafin wutar da za ta iya ɗauka, da kuma wuraren da bakinta ya ƙare a cikin gida.

Saƙon da aka ƙera ta ta ɗauka

Tun 1853, lokacin da Augustus Russell Pope ya yi rajistar ƙararrawar lantarki a Amurka, har Edwin Holmes ya sayi haƙƙinta a 1857 ya mayar da ita sana'a, tushen aikin bai sauya sosai ba. Ana zagaya 'yar wuta kaɗan ta cikin waya a ratsa da ita ta ƙofa, idan an buɗe ƙofar sai halin zagayen ya sauya, akwati ya lura, ƙararrawa ta kaɗa. A yau ɗan maganaɗisu ake maƙalawa a jikin ƙofa, a sa ɗan makunni a jikin dogaranta, idan suka rabu zagayen ya yanke. A kusurwar ɗaki kuma ana sa na'urar jin motsi, wadda ke lura da ɗumin jikin mutum idan ya gitta. Ita wannan tana buƙatar bolt 12, kuma abin da take ci bai kai kwatan wat ɗaya ba.

Duk saƙon da ke bin wannan waya bai wuce kalma biyu ba: a buɗe, ko a rufe. Yakan sauya sau goma ko ashirin a yini. Saboda haka aka yi wayar da araha daidai bukatarta. Sili huɗu ko shida ko takwas ne a cikin riga ɗaya, kowane sili kaurinsa kusan murabba'in milimita 0.22, suna kwance gefe da gefe ba tare da an murɗe su ba, kuma galibi babu wani sulke da ke kare su daga hayaniyar lantarkin da ke kewaye. Masu saka ta ba su da dalilin tsoron lanƙwasa ta sosai, ko haɗa guntaye biyu a cikin rufi su naɗe da tef, ko jera tagogi huɗu a kan layi ɗaya, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana saƙon "a buɗe" isa akwati. A ƙarshen layin sukan sa 'yar rizista, wadda da ita akwatin ke bambance ƙofar da aka buɗe da wayar da ɓarawo ya datse.

Abin da kyamara ke nema

Kyamarar da ke magana da kwamfuta kai tsaye ta fito ne a 1996, daga kamfanin Axis na ƙasar Suwidin. Irinta ta yau, mai hoto ma'aunin 1080p, tana aika megabit 2 zuwa 4 a kowane sakan, dare da rana ba hutu. Kebul ɗin da aka tsara wa wannan aiki, Cat5e ko Cat6, sili takwas ne da aka raba biyu-biyu, aka tufke kowane biyu kamar igiya, kuma ƙa'idarsa ta tsaya a nisan mita 100.

Tufkar ita ce sirrin. Alexander Graham Bell ne ya yi rajistar dabarar a 1881 domin layukan tarho. Wayar wutar gida da fanka da na'urar sanyaya ɗaki da inbata duk suna watsa hayaniyar lantarki a kewayensu. Idan sili biyu suna murɗe da juna, hayaniyar na samun su daidai wa daida, sai na'urar da ke karɓa ta cire ɗaya daga ɗaya, hayaniyar ta kashe kanta, saƙon ya fita da tsabta. Idan kuwa suna kwance a miƙe, wanda ya fi kusa da wayar wuta ya fi kwasar hayaniya, babu abin da zai soke ta. Daga waje kebul ɗin biyu sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane.

A gajeren nisa wayar ƙararrawa kan yarda ta haɗa kyamara da kwamfuta, musamman idan an rage gudun layin zuwa megabit 10, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Mai haɗawa ya gwada da rana, hoto ya fito, a biya shi ya tafi. Da dare a kunna na'urar sanyaya ɗaki ko a tayar da janareta, hoton ya fara tsinkewa, sakan biyar nan, minti biyu can. Ƙararrawa idan layinta ya lalace tana kuka, kowa ya ji. Kyamara kuwa shiru take yi, ba a gane ta daina ɗauka sai ranar da aka zauna neman hoton wanda ya haura katanga, a tarar da giɓi daidai wurin.

Sai batun wuta, wanda lissafinsa ba mai wahala ba ne. Silin jan ƙarfe mai wannan kauri yana da turjiya ta kusan om 0.08 a kowace mita. Idan nisan kyamara daga akwati mita 30 ne, wutar za ta yi tafiyar mita 60 zuwa da dawowa, turjiyar ta kai kusan om 5. Kyamarar da ke cin wat 6 a kan bolt 12 tana jan rabin amfiya. Rabin amfiya sau om 5 ya ba da bolt 2.5 da suka salwanta a hanya, abin da ya isa ga kyamarar bai wuce bolt 9.5 ba. Idan kuma wayar irin ta kasuwa ce mai araha, wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, turjiyar kan ƙaru da fiye da rabi, asarar ta doshi bolt 4. Abin da ya ƙara muni shi ne kyamara ta fi cin wuta da dare, lokacin da take kunna fitilunta masu hasken da idon mutum ba ya gani. Da rana ta yi lafiya lau, magariba na yi ta fara mutuwa tana farfaɗowa, a daidai lokacin da aka saye ta dominsa.

Tsarin PoE, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 2003, ya warware wannan ta hanyar tura wuta da bayanai a kebul ɗaya a kan kusan bolt 48. Wat 6 ɗin nan a kan bolt 48 kashi ɗaya cikin takwas na amfiya kawai yake ja, asarar hanya ta koma abin da bai kai bolt ɗaya ba. Sai dai an gina tsarin ne a kan kebul mai tufka, ba a yi wayar ƙararrawa da shi a zuciya ba. Shi ma akwatin ƙararrawar ba zai iya ciyar da kyamarori ba, domin abin da yake fitarwa sau da yawa bai wuce amfiya ɗaya ba.

Dabarun da ke kasuwa

Adalci ne a faɗi cewa akwai hanyoyin da ake bi a tura hoto ta tsohuwar waya, kuma wasunsu suna aiki. Ana sayar da ƙananan na'urori da ake sawa ɗaya a kowane baki, su mayar da saƙon kwamfuta zuwa wani salo mai jure hayaniya, su tura shi ta sili biyu kacal. Fasahar 'yar'uwar wadda ke kai intanet ta layin tarho ko ta wayar wutar gida ce. A 2019 ma an fito da ƙa'idar da ke tura megabit 10 ta sili biyu har nisan mita 1,000, ko da yake masana'antu aka nufa da ita, a kan kebul da ya cika sharuɗɗanta. Megabit 10 ya ishi kyamara ɗaya har da saura.

Abin dubawa shi ne me ake saye da wannan kuɗi. Farashin na'urorin biyu sau da yawa ya zarce na sabon kebul mai tsawon mita 30 nesa ba kusa ba, kowace tana neman wurin ɓuya da wutar da za ta ci, kuma kowace ƙarin abin da zai iya lalacewa ne a cikin rufin kwano mai zafi. Abin da suke cetowa shi ne bango. Saboda haka suna da hujja a gidan haya inda mai gida ya hana huda, ko a bangon da aka lulluɓe da marmara, ko a wuri ɗaya tak da ya gagara kaiwa. Gina tsaron gida gaba ɗaya a kansu tsimin kobo ne da asarar naira.

Akwai kuma masu komawa ga kyamarar tsohon salo, su sa mata 'yar na'urar da ake kira balun. Ita ma don kebul mai tufka aka yi ta, a kan miƙaƙƙiyar waya hoton kan zo da layi-layi da inuwa. Wasu kuma sukan haɗa silla biyu-biyu su kai wa kyamara wuta ta tsohuwar wayar, su bar hoton ya bi ta Wi-Fi. Wannan ya rage asarar wuta da rabi, amma ya buɗe wata ƙofar. Bangon bulo da dakalin siminti mai rodi suna shanye siginar, kuma na'urar toshe Wi-Fi 'yar ƙarama ce da ke shiga aljihu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Inda bakin wayar ya ƙare

Ko da an warware matsalar hoto da ta wuta, akwai wata da ba ta injiniya ba ce, kuma ita ce ta fi nauyi. Wayar ƙararrawa tana ƙarewa ne a inda ƙararrawa ke bukata: jikin dogaran ƙofa, gefen taga, da kusurwar falo da lungun shiga ɗakuna, a tsayin mita biyu da ɗoriya, tana fuskantar cikin ɗaki. Kyamara kuwa amfaninta yana waje, a babbar ƙofa, a kan katanga, a wurin ajiye mota, a ɗakin janareta, a bayan gida. Can ne take ganin mutum tun bai shigo ba, can ne take samun fuska da lambar mota. Da wuya a sami tsohuwar waya da ta kai waɗannan wurare.

Wanda ya ƙudurta sai ya yi amfani da wayar da ke nan, ya bar ta ke nan ta zaɓa masa inda zai sa ido, kuma cikin gida za ta kai shi. Ginin Hausa tun asali ya tsara wanda zai ga wane. Baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce ƙofar gida, cikin gida kuma sai wanda aka yi wa iso. Gidan zamani ya riƙe wannan da falon baƙi da falon iyali. Na'urar jin motsi ba ta karya wannan tsari, domin ba ta san wanda ya wuce ba, ba ta san ko da mayafi ko babu ba, ɗumi kawai ta ji ya gitta. Kyamarar da aka ɗora a gurbinta tana ganin matar gida cikin kayan shan iska, da yara bayan wanka, da baƙuwar da ta zo kwana biyu, da 'yar aikin da ba a tambayi yardarta ba, kuma tana ajiye abin da ta gani.

Abin da aka ajiye kuwa yana iya fita. Yaron da ya haɗa kyamarorin sau da yawa yakan tafi da kalmar sirrin a wayar hannunsa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a watan Maris na 2021 masu kutse sun shiga rumbun kamfanin Verkada na Amurka, suka sami damar kallon kyamarori kusan 150,000 a asibitoci da makarantu da gidajen yari. Hoton ƙofar waje idan ya fita, asarar kaɗan ce. Hoton falon iyali idan ya shiga WhatsApp, babu mai iya dawo da shi, kuma mutuncin da zai zube ba na wanda ya yanke shawarar saka kyamarar ba ne kaɗai.

Doka ma ta fara shiga maganar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ware abin da mutum ya yi domin amfanin kansa ko na gidansa, da sharaɗin kada ya keta haƙƙin sirrin wani. A Turai, kotun Tarayyar ta yanke hukunci a watan Disambar 2014 cewa kyamarar gida da ke ɗaukar titin jama'a ta fita daga sahun harkar cikin gida zalla. Darasin ya shafi kyamarar waje ma. A saita ta ta kalli ƙofar mai ita, kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

Aikin da ya dace da ita

Da tsohuwar zuma ake magani, in an san ciwon da take warkarwa. Babban raunin kyamara shi ne ba ta san abin da ya kamata ta damu da shi ba. Manhajar da ke lura da sauyin hoto tana ruɗewa da hazon hunturu, da ƙwarin da ke taruwa a fitilarta, da yanar gizo-gizo a bakin gilashi, da ƙadangare, da inuwar reshen darbejiya idan iska ta kaɗa. Mai gidan da wayar hannunsa ta tashe shi sau ashirin a dare ɗaya saboda ƙwaro, a dare na uku zai kashe sanarwar, daga nan kuma tsaron ya zama ado. Sababbin manhajoji irin su Frigate sun rage wannan sosai domin suna iya bambance mutum da kyanwa, amma su ma sai da haske da hoto mai kyau. Maganaɗisun ƙofa ba ruwansa da hazo ko duhu. Idan ya ce an buɗe, an buɗe.

Haɗa shi da kwamfuta ba ya bukatar fasa komai, domin duk wayoyin sun riga sun tattaru a akwati ɗaya. Kamfanin Konnected na Amurka yana ƙera ɗan allon lantarki domin wannan aiki, masu ƙwarewa kuma kan haɗa nasu da allon ESP32 mai araha. Allon yana karanta halin kowace ƙofa ya shaida wa manhaja irin Home Assistant, ita kuma ta umarci manhajar kyamara, ko Frigate ce, ko ZoneMinder da ta haura shekara ashirin tana aiki kyauta a kan Linux, ko Blue Iris da ake saye domin Windows. Kyamarori da na'urorin ɗaukar hoto da yawa ma suna zuwa da 'yan ramukan da aka tanada domin karɓar wayar ƙararrawa kai tsaye. Idan aka buɗe ƙofar baya da ƙarfe uku na dare, kwamfutar ta kunna fitilar waje, ta kaɗa jiniya, ta aika hoton kyamarar da ke kallon wannan ƙofa zuwa wayar mai gida. Cikin gida yana ƙarƙashin tsaro ke nan ba tare da an ɗauki hoton kowa ba.

Akwai wata riba kuma a wajen bincike. Kyamara ɗaya mai megabit 4 tana cika kusan gigabait 43 a yini, huɗu su cika kusan 173, wato faifan ajiya mai terabait 2 ba zai wuce kwana goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Kyamarori huɗu suna tara hoton awa 96 kowace rana, kuma babu mai zaman kallonsa. Rajistar ƙofofi ita ce ke nuna minti nawa za a duba, ita ce kuma ke nuna abin da ya cancanci a adana idan faifan ya cika.

Sharaɗi biyu ne a nan. Idan tsohon akwatin yana da sauran rai, a sauya masa batir a bar shi yana aiki, a zaɓi irin allon da ke zama kafaɗa da kafaɗa da shi, domin ranar da kwamfutar ta tsaya jiniya ta kaɗa duk da haka. Idan kuma akwai na'urorin jin hayaƙi a kan wayar, kada a taɓa layinsu sai da ƙwararre, domin wannan maganar rai ce.

Kwamfutar da ke tsakiya

Wanda ya zaɓi kwamfuta ya sami 'yanci daga kuɗin wata-wata da kuma ikon mallakar hotunansa, amma ya ɗauki nauyi. Na farko shi ne wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 80, idan aka bar ta a kunne dare da rana, tana shan kusan yunit 58 a wata. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, kusan naira 13,000 ke nan duk wata. 'Yar ƙaramar kwamfuta mai cin wat 15 ba ta kai naira 2,500 ba a wannan lissafi. Batirin akwatin ƙararrawa, mai bolt 12 da 7Ah, yana riƙe ƙararrawa awanni masu yawa bayan an ɗauke wuta, amma idan aka ɗora masa kyamarori huɗu da kwamfuta da akwatin rarraba layi, wato kusan wat 45, ba zai kai awa biyu ba. Tsarin kyamara a inda wuta ke zuwa tana tafiya dole ya hau kan inbata ko sola, kuma kebul ɗin da ya fita waje yana bukatar kariya daga tsawar damina.

Na biyu shi ne kutse. A ranar 21 ga Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da ɗimbin kyamarori da na'urorin ɗaukar hoto na mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, ta afka wa kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da yawa a Amurka. Makaminta jerin kalmomin sirri kusan 60 ne da masu ƙera kayan suka saka, masu saye ba su sauya ba. Birtaniya ta haramta sayar da kaya masu irin wannan kalmar sirri ta gama-gari tun 29 ga Afrilun 2024, amma kayan da ke shiga kasuwannin da babu irin wannan doka suna nan yadda suke. Maganin yana hannun mai gida: ya sauya kalmar sirri da kansa bayan mai haɗawa ya tafi, ya hana kyamarorin fita intanet, ya bar kwamfutar kaɗai ta zama ƙofa. Ya kuma sayi kyamarorin da ke bin ƙa'idar ONVIF, wadda Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008, domin kada kamfani ɗaya ya ɗaure shi.

Kafin a ɗaga guduma

Awa ɗaya ta bincike tana iya ceton kuɗi mai yawa. A fara da karanta rubutun da ke jikin rigar wayar, domin wasu masu saka ƙararrawa na baya-bayan nan da kebul na Cat5e suka yi aiki, kuma wanda ya dace da haka ya tsinci dami a kala, sai dai a gwada layin a tabbatar babu haɗi a tsakiya. A bi kowace waya da mitar awon lantarki a san inda ta nufa da ko ɓera ya taɓa ta. A kankare sili ɗaya, idan cikinsa ya fito fari alminiyam ne.

Sannan a ja wayar a hankali. Idan ta motsa, tana cikin bututu ke nan, kuma wannan shi ne mafi darajar abin da tsohon aikin ya bari. Inda bututun ya nufi wurin da kyamara ke da amfani, kamar baranda ko garejin mota, sai a ɗaure sabon kebul da sabuwar wayar ƙararrawa a bakin tsohuwar, a jawo su tare, hanyar da ta ɗauki abu ɗaya ta ɗauki biyu ba tare da an taɓa fenti ba. Idan ba ta motsa ba, an binne ta cikin siminti ne, sai a bar ta a kan ƙofofinta, a bi da sabon kebul ta cikin rufi da bayan gini, inda kyamarorin suka fi dacewa tun farko.

Wanda yake kan gini yanzu shi ne ya fi kowa damar amfana da wannan darasi. Wayar da aka binne a 1995 ta tsufa ne domin ba a san abin da zai zo ba, kuma kebul ɗin da ake yabo yau shi ma ranarsa na tafe. Kafin a yi shafe, a shimfiɗa bututu mai faɗi daga wuri ɗaya a cikin gida zuwa babbar ƙofa da kusurwoyi huɗu na katanga, a bar igiyar ja a cikinsa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba a lissafin gini, kuma shi ne zai hana 'ya'yan mai gidan ɗaga guduma idan nasu zamanin ya zo da tasa na'urar.